TARAGON DA AKA SA HANNU A CIKINSA SAU BIYU



Makon da ya wuce, bayan sallar Isha'i, wani bawan Allah ya tsaya jirana a bakin masallaci har jama'a suka watse. Ya yarda in ba da labarinsa matuƙar ban ambaci suna ba. Shekara shida suna shari'a da ɗan baffansa a kan wani fili na gado, kuma a ƙarshe alƙali ya ba shi gaskiya. Yanzu dattawan gida sun taso suna neman a yi sulhu, a koma zumunci. Ya ce ya amince, amma da sharaɗi ɗaya: ɗan baffan nasa ya zo ranar Juma'a bayan an sallame, ya karɓi lasifika, ya faɗa wa jama'a da bakinsa cewa shi maƙaryaci ne, sannan ya nemi gafara.

Na ce, "Alhaji, ba a ba ka filin ba?"

Ya ce, "An ba ni, Malam. Amma shekara shida yana ɓata min suna a gari. Kuma ai gaskiya zai faɗa. Akwai laifi don na sa mutum ya faɗi gaskiya?"

Ban ba shi amsa a daren ba, domin tambayar ta fi yadda ake ganinta nauyi. Mutumin nan an zalunce shi da gaske. To wanda aka zalunta, sannan Allah Ya ɗora shi a kan wanda ya zalunce shi, ina iyakar haƙƙinsa? Ya tsaya ga karɓar abinsa, ko har da ganin ɗayan ya durƙusa? Da na koma gida, abin da ya yi ta zuwa min a rai shi ne labarin Faransa da Jamus, ƙasashe biyu maƙwabta da suka gwada amsar Alhajin nan a kan junansu kusan shekara ɗari da arba'in.

A 1806 Napoliyon na Faransa ya murƙushe rundunar Furusiya, wadda ita ce babbar masarauta a cikin masarautun Jamusawa na lokacin. A sulhun 1807 ya yanke mata kusan rabin ƙasarta, ya ɗora mata tara mai nauyi, ya zuba sojojinsa a garuruwanta. Faransawa suka wuce abinsu. To amma Bahaushe ya ce idan maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Bayan shekara sittin da 'yan kai, a Yulin 1870, Faransa ta shelanta yaƙi a kan Furusiya. Ba a yi wata biyu ba aka kama sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, shi da rundunarsa a garin Sedan. Aka kewaye Paris har mutanen birni suka koma cin dawakai da ɓeraye. Jamusawa sun ci yaƙi, babu gardama. Sai ka duba abin da suka yi da nasarar. Ranar 18 ga Janairu 1871 suka naɗa sarkinsu a matsayin sarkin sarakunan sabuwar daular Jamus, kuma ba a Balin suka yi naɗin ba. A fadar Versailles suka yi shi, cikin zauren madubai, fadar da sarakunan Faransa suka gina don nuna ƙasaitarsu. Kamar a ci garinku da yaƙi ne, sannan a zo a yi bikin naɗin sarauta a zauren kakanka. Suka ƙwace yankin Alsas da wani ɓangare na Loren, suka sa tarar faran biliyan 5, sojojinsu suka zauna a ƙasar har aka gama biya a 1873.

Faransa ta biya kuɗin da wuri, amma abin da ke cikin zuciya bai biyu ba. A wani babban dandali na Paris akwai mutum-mutumin da ke wakiltar birnin Strasbourg, wanda ya tafi hannun Jamus. Shekara da shekaru ana lulluɓe shi da baƙin ƙyalle na makoki. A cikin 'yan majalisar da suka ƙi amincewa da sulhun 1871 akwai wani matashin likita mai suna Clemenceau. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Ranar 28 ga Yuni 1914, a birnin Sarayebo, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gado na Ostiriya da matarsa. Sau da yawa ana cewa wannan harbin ne ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ashana ce kawai, ɗan'uwa. Ciyawar ta daɗe da bushewa. Manyan ƙasashen Turai sun riga sun rabu gida biyu da alƙawuran taimakon juna, suna tseren tara makamai, kowa na tsoron kowa. Ostiriya ta shelanta yaƙi a kan Sabiya ranar 28 ga Yuli, Rasha ta tashi don Sabiya, Jamus ta tashi don Ostiriya, ta faɗa wa Faransa ta hanyar Beljiyam, Ingila ta shigo ranar 4 ga Agusta. Cikin mako ɗaya wuta ta kama ko'ina.

Da yawa sun ɗauka kafin ƙarshen shekara an gama. Shekara huɗu aka yi. Samari suka haƙa ramuka daga bakin teku har iyakar Suwizalan, suka zauna a ciki da laka da ƙwarƙwata, ana turo su gaban bindigogi masu aman wuta. A Verdun kaɗai, daga Fabrairu zuwa Disamban 1916, an kashe wajen mutum 300,000 daga ɓangarorin biyu, kuma da aka gama kusan kowa na nan inda yake tun farko. A rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, Ingila ta rasa sojoji fiye da 19,000 a bakin kogin Somme. Kafin a tsaya, Faransa ta binne 'ya'yanta kusan miliyan 1.4, Jamus kusan miliyan 2. Mu ma wutar ta taɓa mu: an ɗebi kakanninmu aka kai su yaƙar Jamusawa a Garwa da Mora a ƙasar Kamaru, a kan rigimar da ba su san mafarinta ba.

Ranar 11 ga Nuwamba 1918, da asuba, wakilan Jamus suka sa hannu a kan tsagaita wuta a cikin wani taragon jirgin ƙasa na babban kwamandan Faransa, Foch, a dajin Compiègne. Daga baya Faransawa suka mayar da wurin wajen ziyara, suka gina wa taragon ɗaki, suka kafa dutse da rubutun da ke tuna wa duniya cewa a nan aka karya girman kan daular Jamus.

Sai aka zo zaman sulhu. Wa ke shugabancin gwamnatin Faransa? Clemenceau, yanzu tsoho ɗan shekara 77. Wace rana aka buɗe taron? 18 ga Janairu 1919, ranar da ta yi daidai da naɗin 1871. A ina aka sa hannu? A zauren madubai na Versailles, ranar 28 ga Yuni. Ba a bar Jamusawa sun zauna a teburin tattaunawa ba, an miƙa musu takarda ne kawai. Aka karɓe Alsas da Loren, aka yanke kusan kashi 13 cikin 100 na ƙasarsu, aka raba yankunan da suke mulka a ƙetare, aka ce sojojinsu kada su wuce 100,000. Tarar da aka yanke a 1921 ta kai mak na zinariya biliyan 132. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne sashe na 231, wanda ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin, wanda su kuma suka karanta shi a matsayin an tilasta musu su ce da bakinsu su ne masu laifi. Ka ga lasifikar Alhaji ke nan.

Kuma wa aka sa ya riƙe lasifikar? Sarkin da ya kai su yaƙi ya riga ya gudu Holan. Sabuwar gwamnatin farar hula ce ta sa hannu, sai kunyar ta manne mata tun ranar haihuwarta. Erzberger, mutumin da ya sa hannu a taragon, 'yan ƙasarsu ne suka harbe shi a 1921. A Janairun 1923 Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin masana'antu na Ruhr saboda jinkirin biya. Kuɗin Jamus ya lalace, har a Nuwamban shekarar dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Dattijon da ya yi shekara talatin yana tari ya wayi gari abin da ya tara ba ya sayen burodi.

A irin wannan ƙasa Hitila ya sami kasuwa. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, marasa aikin yi a Jamus suka kai wajen miliyan 6, sai ga shi a Yulin 1932 ta haura kashi 37. Ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933. Da ya ci Faransa cikin mako shida a 1940, me ya fara nema? Ya sa aka fasa bangon ɗakin nan, aka jawo tsohon taragon zuwa daidai inda ya tsaya a 1918. Ranar 21 ga Yuni ya shiga ya zauna a kujerar Foch, aka karanta wa wakilan Faransa gabatarwar sharuɗɗa, ya tashi ya fita ya bar su. Washegari suka sa hannu. Aka tafi da taragon Balin don mutane su yi kallo.

Shekara biyar bayan wannan rana Balin ta zama kufai, taragon kansa ya ƙone a 1945. Yaƙin ya ci rayuka fiye da miliyan 50, mafi yawansu ba sojoji ba ne. A ciki akwai Yahudawa kusan miliyan 6 da aka kashe da gangan saboda asalinsu kawai, da fiye da miliyan 20 na mutanen Tarayyar Sobiyet. Iyayenmu da aka kai Boma ma wasu can aka bar su.

A nan dole in tsaya in yi wa kaina adalci, don na san akwai masu karatun tarihi a cikinku. Wani zai ce, "Malam, ka sauƙaƙa abin da yawa." Gaskiya ne, kuma akwai ƙorafi uku masu ƙarfi.

Na farko: sharuɗɗan Versailles ba su kai zafin waɗanda Jamus da kanta ta ɗora wa Rasha a Maris 1918 ba, kuma a ƙasar Faransa aka yi yaƙin, garuruwanta da ma'adananta aka rusa. Faransa na da haƙƙin diyya. Na yarda. Ban ce kada a biya wanda aka yi wa ɓarna ba. Abin da nake nunawa shi ne zaɓen rana, da zaɓen zaure, da hana mutum kujera. Waɗannan ba su gyara ko gada ɗaya a Faransa ba. Aikinsu ɗaya ne: su sa wa ɗayan ciwo.

Na biyu: wulaƙanci ba uzuri ba ne. Wannan ma haka yake. Laifin Hitila nasa ne, da na waɗanda suka bi shi, kuma babu wata yarjejeniya da ta tilasta wa wani ya kashe jariri. Wanda ya cinna wuta shi ne mai laifi. Sai dai mai hankali ba ya tara busasshiyar ciyawa a jikin dangarsa don yana da hujjar cewa ba shi zai ƙyasta ashana ba.

Na uku shi ne mafi wuya: a 1945 an murƙushe Jamus fiye da 1918, an raba ta, an kori miliyoyin Jamusawa daga gidajensu a gabas, kuma daga nan ne aka sami zaman lafiya. Ashe ba murƙushewar ce magani ba? To duba abin da ya biyo baya. A shari'ar Nuremberg an gurfanar da manyan shugabanni da sunayensu, kowa da tuhumarsa da lauyansa. Aka yanke wa 12 hukuncin kisa, aka sallami 3. Wato an fara rarrabe mai laifi da al'ummarsa. Daga 1948 Amurka ta zuba wajen dala biliyan 13 don farfaɗo da Yammacin Turai, har da Jamus ta Yamma. Ranar 9 ga Mayu 1950 ministan wajen Faransa, Robert Schuman, mutumin Loren wanda ya tashi da takardar zama ɗan Jamus, ya kawo shawarar a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya, su zauna a matsayin tsara. Kwal da ƙarfe su ne uwa da uban makami. A 1963 De Gaulle da Adenauer suka sa hannu a yarjejeniyar abota. A 1984 shugabannin ƙasashen biyu, Mitterrand da Kohl, suka tsaya riƙe da hannun juna a maƙabartar Verdun. Ban ce tsoron Allah ne ya sa su ba. Tsoron Tarayyar Sobiyet na da babban kaso a ciki. Amma ko da maslaha ce ta koya musu, darasin ɗaya ne. Yaƙi uku suka yi cikin shekara 75, daga 1870 zuwa 1945. Tun da aka ba wanda aka kayar kujera, yau kusan shekara 80, ba su sake ba.

Mu Musulmi muna da wannan darasi a gida tun kafin su, sai dai mun fi son karanta shi a kan mumbari fiye da aiki da shi a tsakar gida. A Ramadan na shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya shiga Makka da mutum 10,000. Waɗannan su ne mutanen da suka azabtar da sahabbansa, suka kore shi, suka yaƙe shi a Badar da Uhudu da Khandaƙ. Ku lura da ƙananan abubuwan da ya yi, don a cikinsu fiƙihun yake. Abu Sufyan, jagoran Ƙuraishawa, an san shi da son girma, sai aka sanya gidansa cikin wuraren da duk wanda ya shiga ya tsira. An karɓe masa gari, an bar masa abin da zai ɗaga kai da shi a gaban mutanensa. Da Sa'adu ɗan Ubada, mai riƙe da tutar Ansar, ya furta kalmar barazana ga mutanen Makka, sai aka karɓe tutar daga hannunsa. Mabuɗin Ka'aba aka mayar wa Usman ɗan Ɗalha, wanda gidansu ke riƙe da shi tun da. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin lafazin da ya shahara na sakin mutanen Makka, amma afuwar kanta tabbatacciya ce, babu mai musunta.

Kuma ba a ce babu hukunci ba. An ambaci wasu 'yan tsiraru da sunayensu saboda manyan laifuffukan da suka aikata, an zartar a kan wasu, wasu kuma suka zo aka yafe musu. An rusa gumaka, ba a yi sassauci a kan gaskiya ba ko kaɗan. Abin da ba a yi ba shi ne a tara Ƙuraishawa a sa su ja gwiwa. Mece ce natija? Ikrima ɗan Abu Jahal, wanda ya gudu a ranar, ya dawo ya musulunta, ya ƙare da shahada a yaƙe-yaƙen Sham. Suhailu ɗan Amru, wanda ya tsananta a sulhun Hudaibiyya, shi ne ya miƙe a Makka bayan wafatin Annabi (SAW) ya tsayar da mutane a lokacin da ƙabilu da yawa ke juya baya.

Ga inda na tsaya a mas'alar. Haƙƙi yana da iyaka, ana iya auna shi: fili kaza, kuɗi kaza, ƙisasi daidai da laifi. Shi ya sa in an biya shi yake ƙarewa. Wulaƙanci kuwa ba shi da mudu. Wanda ya yi shi yana ganin ya rama daidai, wanda aka yi wa yana ganin an wuce gona da iri, sai ya buɗe sabon littafin bashi. In bai iya karɓa ba, ɗansa zai gada. Clemenceau ya jira shekara 48. Shari'a ta ba wanda aka zalunta damar karɓar haƙƙinsa cif, ta kuma kwaɗaitar da shi ga afuwa, amma ban san inda ta ba shi mutuncin abokin shari'arsa a matsayin ganima ba. Kuma mu ji tsoron wani abu: zuciya tana iya sanya wa son ramuwa rigar neman adalci, har mai ita ya kasa gane ta. Gwajin mai sauƙi ne. Tambayi kanka: in aka ba ni duk abin da nake bi a ɓoye, babu mai kallo, zan gamsu? In amsar a'a ce, to ba haƙƙinka kaɗai kake nema ba.

Bayan kwana biyu na kira Alhajin. Na ce masa, "Sunanka da aka ɓata haƙƙi ne, ban raina shi ba. A tara dattawan gidan da waɗanda aka yi maganar a gabansu, a zaure, ya janye abin da ya faɗa. Wannan gyara ne. Amma lasifikar Juma'a, ka tuna 'ya'yansa na cikin sahu. Yaron da ya ga an tsayar da ubansa a gaban gari ba zai tuna wa ke da gaskiya a kan fili ba. Fuskarka zai tuna, kuma shi da 'ya'yanka za ka bari a garin nan."

Ya yi shiru, ya daɗe. Sannan ya ce, "Malam, ka san abin da na sha kuwa?"

Na ce, "Ban sani ba kamar yadda ka sani. Shi ya sa ladan yake wajenka, ba wajena ba."

Ya ce zai yi tunani. Har yanzu da nake wannan rubutu bai dawo min da amsa ba, kuma ban matsa masa ba, don na san abin da na roƙe shi ba ƙarami ba ne. Ku sa shi a addu'a, shi da ɗan'uwan nasa. Kowannenmu kuma ya duba nasa taragon da ya gina wa ɗaki yana jiran rana: tsohuwar matar da aka rabu da ita, abokin kasuwa, ɗan wata ƙungiya da aka kayar a muƙabala, maƙwabcin da ya faɗi zaɓe.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci a ranar da muke da ƙarfi, Ya kare mu daga sharrin zukatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wallahu a'alam.